Gwiwar Liman da Hannun Ɗan Fari

Gwiwata ta hagu ta fara magana bana. Ta dama ta daɗe tana yi, amma ita mai ladabi ce, sai hadari ya haɗu take gunaguni. Ta hagun kuwa ba ta san girman kowa ba. In na miƙe daga buzu sai ta yi ƙara irin ta wanda ya taka busasshen kara, jikoki su dubi juna su ƙunshe dariya, ni kuma in ɗaure fuska in ce musu ilimi ne ya yi mini yawa a ka, ya fara gangarowa. Ba su yarda ba, don sun san allona bai kai ko tsakiya ba aka rataye shi, kuma wannan rubutu da nake yi, duk malamin kirkin da ya gani sai ya nemi ruwa ya wanke. To, ba don malamai nake yi ba. Ƙarar nan na san ta tun kafin a haifi iyayen masu dariyar. A gwiwar wani na fara jin ta, kuma tun da ta dawo tawa ban sake samun sukuni ba.

Watan jiya aka ɗora ni a mota kamar buhun albasa aka kai ni Boɗinga wurin malamin asibiti. Yaro ne mai tsabta, ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya tambayi inda ke ciwo, na nuna, ya rubuta. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa, ya rubuta. Sannan ya miƙo mini wani ɗan gwangwani mai man da ke sa ido hawaye, ya ce a riƙa shafawa. Na zauna ina jira ya taɓa gwiwar, tunda ita ta kawo ƙara, sai na ji ya kira na bayana. Ban ga laifinsa ba. Da muka fito na sa aka bi da ni ta bayan kasuwa, inda na san wani gida mai durumi a ƙofa. Babu durumin, babu gidan. Wani ne ke sayar da kananzir a wurin, kuma da na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin Kaka mai tausa, sai ya ce in yi haƙuri, shi baƙo ne, gemunsa kawai ya yi fari a garin.

Abin da zan faɗa ya faru ne tun ƙasa tana hannun masu ita, kafin Nasara, lokacin da ba a kama hanya sai an taru da yawa saboda mahara. Ƙauyenmu yana gefen Mandera, ta wajen Shagari. Da hantsi in ka tsaya a ƙofar gidanmu za ka ji luguden mata daga gida uku, da kukan jigo a fadama inda ake ban ruwan albasa, da tsakin masu jakai da ke kai taki gona. Yanzu ma ana daka, ana ban ruwa, amma kunnena ya ce ba wannan sautin ba ne, ko da yake shi ma kunnen ya wuce a kira shi shaida. Mahaifina, wanda zan kira Malam kamar yadda kowa ke kiransa, shi ne limamin garin. Ya gaji ubansa, uban kuma an zaunar da shi tun ranar da aka sari garin. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma ba a ganin hannunsa sai da tasbaha, wata baƙa mai manyan 'ya'ya, wadda in yana ja za ka ji ƙas, ƙas, daga zaure har cikin gida. Da ita muke gane yana nan.

Ni ne ɗansa na fari, kuma 'yan yanzu ba su san nauyin wannan magana ba. Malam bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ba. In yana son a ɗaure akuya sai ya faɗa wa bango cewa akuya tana yawo, ni kuma in ji a madadin bangon. In na shigo zaure ya dubi takarda, ni in dubi ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma gwargwadon son da ake maka gwargwadon yadda ake kau da kai. Gwaggo, ƙanwarsa wadda ta raine ni, ta ce da agana ta kama ni ina ƙarami, kwana uku yana kewaya ɗakin ta baya yana tambayar lafiyar mutanen ciki, alhali ni kaɗai ne a cikin. Yau kuwa sai in ga uba ya rungume ɗan fari gaban jama'a yana kiran sunansa kamar mai kiran kaji. Ban ce haramun ba ne, karatuna bai kai in ce ba. Nakan dai dubi wani wuri.

Shekarar da gemu ya fara tsiro mini, bayan Ƙaramar Salla, gwiwar Malam ta dama ta ƙi. Sanyin ƙashi ne, irin na masu shekaru. Da safe sai ta sandare, in ya yi tafiya ta ɗan saki, da yamma ta kumbura. Ruku'u ba laifi. Amma in zai sauka sujada, sahun farko duk suna jin ta tana niƙa kamar an zuba yashi a dutsen niƙa, kuma wurin zaman tahiya sai ya miƙe ƙafar gefe. Wanzami ya yi ƙaho, an dafa saiwoyi, shi kansa Malam ya yi wa kansa rubutu ya sha, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ko ni mai rabin allo na san hukuncin: mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa. Dattawa suka je wurin mai gari suka yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa a jira Babbar Salla. In Malam ya ja idi ya tashi da ƙafarsa, limanci yana nan. In bai iya ba, na'ibi ya matso gaba. Na'ibin mutumin kirki ne, ba ya so, ko kuwa ya nuna ba ya so, wanda a wurin malamai duk ɗaya ne. Ni dai ba wanda ya sa ni a lissafin gado. Ƙanena ne ke karatu a Sifawa, kuma yana bukatar 'yan shekaru kafin a iya tsayawa bayansa. Waɗannan shekarun ake so gwiwar ta riƙe mana.

Gwaggo ce ta kawo zancen Kaka mai tausa, wata tsohuwa a Boɗinga da ake kai mata masu ciwon gaɓɓai a kan jaki su dawo suna kora jakin. Sai dai Kaka ta daina tafiya, ita ma nata gwiwoyin sun zauna, Malam kuwa ya ce liman ba ya buɗe ƙafarsa gaban macen da ba muharramarsa ba, ko da ta girmi kuka. Gwaggo ta yi kwana biyu tana tunani, sannan ta fito da dabarar da ban taɓa jin irinta ba. Ta ce ni zan riƙa bin 'yan kasuwa zuwa Boɗinga, Kaka ta yi tausar a ƙafata, in ɗauko ta a jikina in kawo in sauke a ƙafar Malam. Hukuncin da ya hana uba, ban san yadda aka yi ba, bai biyo ta kan ɗa ba.

Haka na fara. Mu fita da sanyin safiya, mu sha ruwa a Sifawa, mu isa rana ta karkata, washegari mu juyo. Na iske Kaka zaune a kan tabarma ƙarƙashin durumi, 'yar ƙarama, hannayenta kamar saiwar da aka tono, ga kaskon man kaɗe a gefe. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai na mai ciwon, da waɗanga ƙafafu awa turame?"

Na yi mata bayani. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce ta yi shekaru tana aiki ba a taɓa aiko mata da ƙafar aro ba. Daga ranar ta sa mini suna angonta, kuma ba ta buɗe baki ba tare da ta zage ni ba. Amma hannun nan, in ya sauka, sai zagin ya zama ba komai. Ba ta fara da gwiwa. Sai ta ɗumama man a tafinta, ta kama naman cinya ta yi ta murzawa daga sama zuwa ƙasa, ta koma sha-raɓa, tana cewa gwiwa baiwar Allah ce, maƙwabtanta ne ke ɗaure ta, su ake fara lallashi. In nama ya saki sai ta sa yatsu huɗu ta riƙe ƙoƙon gwiwa tana kai shi dama da hagu, sama da ƙasa, a hankali kamar mai rarrashin jariri. Sannan ta kama idon sawu ta ja ƙafar zuwa ƙirjinta ta riƙe, ta ce a ba ƙasusuwa wuri su yi numfashi. In ta gama sai ta sa in maimaita a ɗaya ƙafar tawa, in na yi gaggawa ta make mini hannu da mafici.

A gida kuma, da hantsi, bayan ɗalibai sun watse, Malam zai sanar da bango cewa zaure ya yi shiru. In shigo da kaskon mai, in durƙusa. Shi ya naɗe wando ya juya fuska gabas, ni in juya tawa wajen ƙofa, hannuwana su yi aiki a tsakiyarmu kamar ba na kowa ba. Wannan ne karo na farko da na taɓa jikin mahaifina tun da na yi wayo. Ƙafar ba ta da nauyin da na zata. Tsoro ya sa nake taɓawa sama-sama, ashe abin da gwiwar ke so ke nan. Ba abin da ake ji sai tasbaha, ƙas, ƙas, da kurciya a kan katanga. Kafin wata ya ƙare kumburin yamma ya ragu, Malam ya bar sanda a gida ya tafi masallaci. Mutane suka fara nuna ni. Wata tsohuwa ta kawo mini kafaɗarta da ƙwai biyu. Na fara tafiya ina riƙe da hannuwana a gaba kamar kayan sarki, har ina ba da fatawa a kan jijiyoyi a bakin rijiya.

Saura abu ɗaya. Gwiwar ba ta lanƙwashewa sosai, kuma ba a sujada a tashi da ƙafar da ba ta naɗuwa. Zuwana na ƙarshe kafin Salla na matsa wa Kaka ta nuna mini maganin wannan. Sai ta kwantar da ni, ta kama dunduniyata tana tura ta baya kaɗan-kaɗan.

"Ka tura a hankali har shi ce wash," in ji ta. "Inda yac ce wash, nan gonarka ta ƙare, ka ja baya. Kuma kullum ka fara aza bayan hannu. In ta yi zafi ba a taɓa ta, sai a bari ta huce. Ka ji ni, angona?"

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, har yau zan iya maimaitawa. Sai dai aza bayan hannu yana bukatar ka tsaya, ka saurara, ka ɗan duba, ni kuwa ban iya tsayawa da hannu a kan ƙafar Malam ba tare da wani aiki ba, kunya ba ta bari. Tafina kuma kanta ce ta fartanya, ga ɗumin mai, ko garwashi na dafa sai an jima zan sani. Kwana uku kafin Salla na kama dunduniyar na fara turawa. Ina jiran wash. Tawa ƙafar da aka koya mini a kanta ta naɗe har ƙarshe ba ciwo, don haka ban san inda ciwo ke farawa ba sai an faɗa mini. Na tura. Ba a ce komai ba. Na ƙara. Can sai tasbaha ta tsaya. Na lura sarai ta tsaya, har na ji daɗi, na ce a raina daɗin tausa ne ya sa Malam gyangyaɗi. Na ƙara turawa. Haka na yi washegari, haka na yi ranar jajibere, kullum sai ta tsaya, kullum in fito ina yaba wa kaina.

Ranar Salla Malam ya fito da farin rawani, a kan doki aka kai shi filin idi, ba wanda ya kawo komai a ransa don liman dama yakan hau. Ina sahu na uku. Ya yi kabbarori muryarsa garau, ya yi karatu, ya yi ruku'u. Muka sauka sujada ta farko, muka ɗago, muka koma ta biyu. Sai muka daɗe a can. Goshina yana kan yashi, yashin ya fara zafi. Na yi tasbihi uku, na yi bakwai, na daina ƙirgawa. Gari guda fuska a ƙasa, ba mai ikon ɗagowa. Ina jin numfashin na kusa da ni, ina jin wani rago yana kuka daga cikin gari, doki ya kaɗa linzami, wata tururuwa ta hau mini hanci ta sauka. Daga gaba kuma, in ka kasa kunne, akwai wani ɗan sauti, yashi a dutsen niƙa, ya taso ya tsaya, ya taso ya tsaya. Sau uku na ji. Sannan aka yi kabbara, kuma muryar ba ta Malam ba ce. Ashe Malam ya miƙa hannu baya ya ja rigar na'ibi. Da muka miƙe tsaye, ta tsakanin kafaɗu na hango farin rawani a ƙasa, yana ƙarasa sallarsa a zaune, ƙafar a miƙe gefe.

Ban ci naman layya ba. Washegari ban jira ayari ba, na kama hanyar Boɗinga ni kaɗai, ko mahara ban tuna ba. Na faɗa wa Kaka gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya, ba ta taɓuwa don zafi. Ta tambayi abin da na yi, na nuna mata.

"Mi yac ce da kana turawa?"

Na ce bai ce komai ba.

"Ko wash?"

Na ce ko wash. Sannan ta tambaye ni ni ɗa na nawa ne a wurinsa. Na ce na fari. Na shirya jin zagi, har ina so, amma bai zo ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

"Wata biyu ina aiken kurma wurin bebe," in ji ta, "ban tambaya ba. Wane uba za shi ce wash gaban ɗan fari?"

Ta tambaya ko yana riƙe wani abu a hannu lokacin tausa. Na ce tasbaha. Ta ce, tana tafiya har in gama? Na tuna yadda takan tsaya. Sai ta jawo tata tasbahar, ta naɗe zane, ta miƙo mini gwiwarta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce yau ba ƙafar aro. Ta rufe baki ta fara ja. Na aza bayan hannu. Na kama dunduniyar, tsohuwar gwiwa tana niƙa a ƙarƙashin tafina, ko kamu ɗaya ban tura ba 'ya'yan tasbaha suka yi shiru. A nan ne iyakar, kusa ƙwarai. Na tuna inda nake kai ta Malam.

Da laka mai sanyi ta fadama aka kwantar da kumburin, ƙafa a ɗage, makonni. Daga baya na koma wa tausar, yadda ya kamata wannan karon, kunnena a kan tasbaha, kuma na yi ta har ƙarshen ransa. Ya koma tafiya masallaci da sanda, ya zauna a ƙarshen sahun farko jikin bango. Bai sake jan salla ba. Ƙanena ya dawo da karatunsa ya iske wurin da mai shi, kuma har yau a gidan na'ibi limancin yake. Sau ɗaya, da dattawa suka zo dubiya, ina bayan zana da butar ruwa, na ji wani ya ce ana faɗa a gari matsar nan ce ta ɓata ƙafar. Tasbaha ta yi ƙas, ƙas, sannan Malam ya ce, "Tsufa na. Hannun da ke taɓa ƙafar nan bai san komi ba sai alheri." Ya san ina wurin, don wajen zanar ya juya ya faɗa. Da ya zage ni da na warke tuntuni. Har yau in jikan na'ibi ya tsawaita sujada ko kaɗan, sai yashin nan ya dawo goshina da zafinsa, in kasa kunne ina jiran in ji muryar wa za ta ɗaga mu.

Saboda haka na zama mai raki, kuma da gangan. Duk unguwa an san ni. In jika ta taka mini yatsa sai na tara mutane, in an zo cire mini ƙaya maƙwabta sukan leƙo su yi gaisuwa. Na ɗauki wannan a matsayin wa'azi, mai ciwo ya yi magana. Amma kullum da hantsi akwai wanda ke shigowa zaure da ɗan gwangwanin asibitin nan, shi ma gemunsa ya fara furfura, ya durƙusa, ya juya fuska wajen ƙofa. Shi ne wanda aka fara haifa mini a gidan nan. Ba wanda ya aike shi, shi ya ga dama. Yana da hannu mai ƙarfi, irin na wani da na sani, kuma yana so ya ga na koma sujada kamar kowa. Makon jiya ya kama dunduniyata ya fara turawa. Na buɗe baki, ni da na cika gari da ihu, sai na iske babu komai a ciki. Baƙar tasbahar tana hannuna, ni na gaje ta. Ta tsaya. Mota tana wucewa a kan hanya lokacin, bai ji ba.

Zan naɗe takardar nan in sa ta ƙarƙashin gwangwanin. Wanda zai ɗaga shi gobe ya fi ni karatu, zai iya haɗa baƙaƙena ko da sun karkace. Ban kira sunan kowa ba, kuma ba da kowa nake ba, da bango nake. Bango, ka fara aza bayan hannu. In kuma ka ji tasbaha ta tsaya, ba barci nake ba.